Hannun Jarin Baba

Litinin, 3 ga Maris

Yaya ya kira ina tsakiyar sa wa wata tsohuwa ƙarin ruwa. Wai mu sayar da hannun jarin da Baba ya bar mana a kamfanin sabulu. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba. Na ce ina aiki, na kashe wayar.

Laraba, 5 ga Maris

Na kasa zama wuri ɗaya. Har labulen da bai yi datti ba na wanke.

Baba yana gadin ƙofar kamfanin ya riƙa sayen hannun jarin nan kaɗan-kaɗan. Duk shekarar da aka raba riba sai ya shigo mana da sababbin takalma a leda, yana cewa, "Yau kamfani ya tuna da masu shi." Inna ta yi ta dariya, wai mai gadi ne mai kamfani. Sau ɗaya na san ba a biya ba, shekarar da gobara ta cinye ɗakin ajiyarsu. Ko a lokacin bai sayar ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na je wurin dillalin hannun jari. Ofis kamar akurki, fanka sai kuka take. Ya ce ribar nan ba albashi ba ce, ba dole a biya ba. Shugabannin kamfani ke duba abin da aka samu, su ce a raba kaza a ajiye kaza, masu hannun jari su amince a taronsu. Akwai kuma ranar rufe rajista, wanda sunansa ke ciki ran nan shi ke ci. Bana ƙarshen watan nan ne.

"In kuka sayar kafin nan, Malama, mai saye ya sha romo."

Ya ce shekarun nan rabon raguwa yake. Na ce ai dai tana zuwa. Ya ce, "Tana zuwa, tana dogara sanda."

Sai mu biyu mun sa hannu ake iya sayarwa. Wannan ya yi min daɗi fiye da yadda ya kamata.

Talata, 11 ga Maris

Na ce wa Yaya ya bari ranar ta wuce. Ya ce ba zai iya jira ba. Na ce me yake ci haka na baka na zuba, abin da Baba ya tara da tsayuwa a rana? Ya ce, "Har ke, ƙanwata?" Ya ajiye.

Juma'a, 14 ga Maris

Bai kira ba. Ni ma.

Lahadi, 16 ga Maris

Matar Yaya ta zo da kanta. Ashe injin yankan katakonsa ya ƙone tun watan jiya. Da zarton hannu yake yanka, ga ciwon kafaɗa. Makarantar da ta ba shi aikin bencuna ta ce ko ya kai kafin a dawo hutu ko ta ba wani. Shi ya hana ta faɗa min.

"Kin san yayanki, gara ya faɗi matacce da ya ce babu."

Abin da ke hannuna ko rabin inji ba zai saya ba. Bayan ta tafi na yi ta zagaye ɗaki kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Alhamis, 20 ga Maris

Na sa hannu. Yaya bai kalle ni ba, ni ma takardar kawai na kalla. A bakin titi ya ce, "Kin ci abinci?" Na ce na ci. Ban ci ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Abokiyar aikina ta ce an biya ribar bana, wai har ta fi ta bara. Na jira abin ya soke ni. Ya ɗan soka.

Da na tashi aiki na biya ta shagon Yaya, wai ai hanya ce. Ba hanya ba ce. Ƙarar sabon injin ba ta barin a yi magana, sai ya nuna min benci da haɓa, na zauna. Garin katako ya ɓata min fararen kayan aiki. Ban tashi ba sai da ya rufe shago.

Gobe ma aikin safe gare ni, da wuri zan tashi. Ban dai ce zan koma shagon ba.