Baitin Inna Ya Ɓace Mini

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba? Ya yara?

Ni lafiya ƙalau, kada ki damu. Ina wanke-wanke a gidan abinci, ranar Asabar kuma ina waƙa a ɗan zauren unguwa.

Makon jiya ina rera waƙar da na tsara wa marigayiya Inna, baiti na uku ya ɓace mini. Sai na ci gaba da kaɗa jita ina jero sunayenku. Masu sauraro suka yi ta yi mini tafi, don a ƙasar nan babu mai jin harshenmu.

Har yau baitin bai dawo mini ba, Yaya. Ke kaɗai kika haddace shi. Don girman Allah ki rera mini a waya. Ki haɗa da faɗa ma, na gaji da tafi.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Ƙaninki