Wannan Ya Fi, Ko Wannan?

Aikin farko na yau: goge gilasan gwajin ido, a jera su cikin akwati.

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar? Na rubuto ne don na san kunnenki ba ya son waya, ni kuma bakina ba ya sonta.

Hutu ya ƙare, Uwani ba ta dawo ba. Direban da ya kawo saƙonki ya ce wai tana so ta ƙarasa makaranta a wurinki. Na zauna na bi maganar ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake bin haruffan allon gwajin ido, ban ga inda na gaza ba. Abinci akwai. Littattafai na saya. Tun rasuwar mahaifiyarta ban taɓa ɗaga mata murya ba. Kullum in na dawo daga asibiti sai na tambaye ta ko ta ci abinci, ko ta yi aikin makaranta, kuma tana amsawa.

Amma tunda 'yata ta zaɓi gidan wani, akwai abin da ban gani ba. Don Allah ki tambaye ta: makarantar ce ba ta so, ko gidan?

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Auta

Auta,

Muna lafiya. Ƙafa tana nan tana mulkinta.

Na karanta wa Uwani layinka na ƙarshe. Ta yi dariya har da hawaye, can kuma hawayen ya zama na gaske. Ta ce, "Gwaggo, kin ji ko? Haka yake min. Wannan ya fi, ko wannan?"

Shekara da shekaru kana ɗora wa mutane gilashi a hanci kana ba su zaɓi biyu, ashe ka kwaso aikin ka kai gida. Ta ce ranar da ƙawarta ta daina yi mata magana, ta zo ta zauna kusa da kai ta fara ba ka labari. Ko rabi ba ta kai ba ka ce, "Ke ce da laifi ko ita?" Ta ce ita. Ka ce to, ka kunna rediyo.

Ba mugunta ba ce, na sani. Tun kana ƙarami in an aike ka, amsar kawai kake kawowa, ba ka kawo labarin hanya. Amma yarinya ba idon hagu ba ce da za ka gama da shi ka koma na dama.

Ka yi tambayar da ba ta da amsa biyu, sannan ka kama bakinka. Fara gwadawa a kan masu zuwa wurinka, su dai ba su da gwaggon da za su gudu wurinta.

Allah ya shirye ka da furfurarka.
Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki a ɗakin gwaji, na kashe fitila don kada wani ya shigo ya ga fuskata. Maganar rediyon gaskiya ce. Har na tuna labarai ake yi.

Na gwada abin da kika ce. Wata tsohuwa mai ɗinki ta zo, maimakon in fara ɗora gilashi sai na ce, "Mama, me ya fi damunki da idon nan?" Sannan na kama bakina. Ta ce jikanta ne yake sa mata zare a allura, yanzu ya tafi makarantar kwana, ɗakin ya yi mata faɗi. Ta yi ta magana, masu jira suna leƙowa. Da za ta fita ta ce, "Ashe kana magana, ɗana. Na ɗauka hana ku aka yi." Wannan matar ta daɗe tana zuwa wurina, ban san tana da jika ba.

Sai na ji kamar na iya. Da yamma na buga wa Uwani waya, na shirya abin da zan faɗa tun a hanya. Ta ɗauka ta ce, "Baba, ina wuni." Jin muryarta kawai, komai ya ɓace. Sai ji na yi bakina ya ce, "Za ki dawo, ko ba za ki dawo ba?"

Sai ta ce, "Baba, babu na uku?" Na ce ta gaishe ki, na kashe.

Yaya, na kasa haɗa ido da hotonta da ke kan tebur. Wataƙila gara ta zauna inda ake jin ta.

Ƙaninki, Auta

Auta,

Wa ya ce ka yanke hukunci? Ko nan ma zaɓi biyu ka ba kanka. Ka sa rigarka ka zo ranar da ba ka aiki. Uwani za ta yi wanki a bayan gida, ni kuma zan yi barci mai nauyi, da ma kunnena ba ya ji.

Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Na iso gida lafiya. Na gode da barcin da kika yi.

Tunda ba ki ji ba: na zauna kan wani bokiti da aka kife, na ce mata, "Ba ni labarin ƙawarki, daga inda na katse ki." Ta dube ni ta ce sun shirya tuntuni. Kunya ta rufe ni, amma ban tashi ba. Ta ci gaba da cuɗa riga, can ta fara maganar mahaifiyarta, yadda take waƙa in tana shanya, ba ta taɓa kai baiti ƙarshe ba. Sau da yawa tambaya ta zo mini har leɓe, na haɗiye. Ta yi magana har kumfar ta kwanta. Na taya ta matse zanen gado.

Ba ta ce za ta dawo ba. Da ta raka ni bakin titi ta ce, "Baba, tagar ɗakina har yanzu ba ta rufuwa?"

Aikin gobe:
A kira kafinta, tagar ɗakin Uwani.
A wanke labulenta.
Gilashin tsohuwa mai ɗinki, a tambayi lafiyar jikan.
A fitar da rediyo daga falo.
Kada in tambaye ta yaushe.

Ƙaninki, Auta