Ba Gara Ba Ce

Zuwa ga ɗana,

Tun shekarar da gobara ta cinye kasuwa ban aika wa kowa wasiƙa ba sai yau. Ni ke faɗa, maƙwabcina tela ke rubutawa.

Ina gaishe ka da kyau. Ya iyali, ya jikokina? Ni lafiya lau. Aikin gadin ba wuya, gwiwa ce kawai ke ɗan gardama.

Na ji kana gyaran gida, ka fasa bangon tsakiya don falo ya yi faɗi. Allah ya yi albarka. Sai dai ƙanwarka ta ce kafinta ya duba ƙyauren ɗakina, wai gara ta cinye shi, ranar Asabar za a cire a faskara. Ka faɗa masa garar tana gaishe shi, ni ne.

Da ƙusa na yi zanen nan da ya gani a jikin ƙyauren. Na tsaye haihuwa ne, na kwance rasuwa. Kai ne na uku daga sama. Dogon nan na ƙasa, inda hannu ya goce, mahaifiyarka ce. Ku kuna da takarda, ni littafina ke nan.

Kada a kankare, kada a shafa masa fenti. In bai dace da sabon falo ba, a jingine min abina.

Tela na ta dariya, wai zan bar aiki saboda katako. Ya yi ta yi. Gobe da sassafe zan miƙa wa maigida makullansa in kama hanyar tasha.

Mahaifinka.