Ƙwayoyin Baba da Ka Lalata

Melbourne, Fabrairu

Zuwa ga Yaya Rohan,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa ka koma Oslo lafiya, ya kuma ba ka lafiyar jiki. Mama tana Geelong, ƙafarta ta yi sauƙi. 'Yata Elka ta koma makaranta, amma likita ya hana ta wasan ƙwallo, don babbar jijiyar zuciyarta ta ƙara faɗi.

Ka san wannan ciwon ne ya kashe Baba. Ka kuma san kafin rasuwarsa ya ba ni ɗan yankin fatarsa, na mayar da shi ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ke iya zama kowace irin tsoka. Kwalba ta ƙarshe nake raino lokacin da ka zo hutun Kirsimeti. Da gangan na rage musu ruwan jinin maraƙin da ake ciyar da su da shi, domin sai da 'yar yunwa suke daina yaɗuwa, su zama tsokar jijiya mai matsewa. A kansu zan gwada maganin da zai iya taimakon Elka.

Na bar maka mabuɗin ɗakin bincike don kawai ka duba zafin akwatin raino ranar da na kai Mama asibiti. Kai kuma babban farfesa, sai ka ƙara musu ruwan, ka ce wai tun muna yara ni marowaciya ce, har ƙwayoyi nake horarwa da yunwa. A wajen gashin naman da muka yi a gida ka faɗa, kowa ya yi dariya, ni ma na ɗauka wasa ne. Yaya, sun cika kwalbar maƙil, amma ko ɗaya ba ta matsewa. Sun zama irin ƙwayoyin tabo. Rashin sani ya fi dare duhu, amma naka ba rashin sani ba ne, raini ne.

Mama ta ce in yafe, wai jini ya fi ruwa kauri. To, jinin nake so. Ciwon yana jikinka kamar yadda yake jikin Elka, ko da yake ba ka son a faɗa. Kada ka bugo waya, kada ka aiko furanni. Ka je asibiti a yanki fatarka a aiko mini cikin ƙanƙara, in sake rainon wasu ƙwayoyin. Kafin nan ba ni da abin faɗa maka.

Ka gaida matarka Sunniva da yara, su Torben.

Ƙanwarka,
Merrin