Gimbiya Za Ta Hau Jirgi

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikana, abokin faɗana. Ya sanyin ƙasar mutane? Ya aikin asibiti?

Na kai kyanwarku Gimbiya wurin likitan dabbobi kamar yadda kika ce. An yi mata allurai, an ɗebi jininta, an kuma cusa mata wani abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, wai shi ne shaidarta. Likita ya yi aika-aikar, ni aka yakusa. Akwatin tafiyar yana falo a buɗe don ta saba da shi. Ko kallonsa ba ta yi ba, sai da na shimfiɗa tsohuwar rigar yaron a ciki.

Ki ce masa ya ci abinci ya daina kuka, tana nan tafe.

Babanki.

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso. Wai maƙwabciya ta gaya miki ta ji ni ina hira da kyanwa, don haka a fasa tafiyar, a bar mini ita. Bakin mutane!

Ba zan ɓoye miki ba, tun rasuwar mahaifiyarki babu mai tarbata a ƙofa sai Gimbiya. Amma ni ina da abokan hira a bakin shago. Shi fa? Ke kika ce har yanzu shi kaɗai yake zama a makaranta, ba ya jin yarensu. Tsoho ya fi yaro iya haƙuri. Kada ki sake tayar da maganar nan.

Babanki.

'Yata,

Ina gaishe ku duka, Allah ya sa kun tashi lafiya. Yau na miƙa ta a filin jirgi. Ma'aikacin ya ga na ƙi sakin hannun akwatin, ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, inda za a ajiye ta akwai ɗumi." Na zura yatsa ta ragar, ta goga kanta a jiki. Ba ta yi kuka ba.

In ta iso, kada ku matsa mata. Ku bar ta ta ɓuya har ta fito don kanta. Ku raba kwanon ruwanta da na abinci, ba ta son su kusa da juna.

A hanyar gida na tsaya wurin mai kifi kamar kullum. Sai da ya ƙunshe mini kason Gimbiya na tuna. Kunya ta hana ni mayarwa, na karɓa na yi godiya.

Ki shafa mini kan abokina. Allah ya yi muku albarka.

Naki,
Babanki.