Rawanin Yaya da Haƙorin Zaliha

Yaya Abaca,

Bayan gaisuwa da girmamawa, tsorona shi ne ka dawo daga kasuwar Bune ka ga bakin 'yarka Zaliha kafin ka ga takardar nan. Kada hankalinka ya tashi, lafiyarta ƙalau.

Da safe uwarta ta tafi garka ban ruwa ta bar mini ita tana kukan haƙori. Na goya ta, na rera mata waƙar lakwal da muka koya a aji, duk a banza. Ba ta yi shiru ba sai da ta cafki jelar rawaninka mai shuni ta shiga tauna. Da na ga harshenta ya yi shuɗi, na ruga da ita wurin anfirme, malamin asibiti. Ya goge bakin da yatsa, shunin ya biyo yatsan, ya tambaye ni ko da gaske ni ne mai sartifika ta gama karatu.

Albishirinka, haƙora biyu sun fito. Shaidarsu tana jikin rawanin. Ka gafarce ni, ka cusa jelar ciki in za ka naɗa gobe Juma'a.

Na makara zuwa aiki a biro. Amma na faɗa wa Inna da babbar murya, har maƙwabta sun ji: daga yau farin abu kaɗai Zaliha za ta tauna, ko da rigata ce ta aiki.

Ƙanenka,
Kiyari