Bakina Ya Tsananta wa Yayana Kaso

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ina roƙon ku kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe, domin duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi zafi.

Shekarata goma sha bakwai, ina lise, wato babbar sakandare, a nan Gure. Tun ina ƙarami ban iya ba da labari yadda yake ba. In na ga ɓera a zaure, kafin in kai tsakar gida ya zama kura. Wata rana ina koleji na hango hayaƙi ta taga, na kwarma ihu na ce moton Mushe, wato babur ɗin malaminmu, na ci da wuta. Bawan Allahn nan da tumbinsa ya fita a guje da takalmi ƙafa ɗaya, ashe mai tsire ne ke hura garwashi a bayan katanga. Na sha bulala, amma ajin ya yi mako yana dariya, ni kuwa dariyar mutane ita ce abincina. Daga ranar aka raɗa mini suna Rediyo.

Yayana, Ya Bukar, shi ya riƙe ni da Inna tun rasuwar Baba. Mutum ne shiru-shiru, in ya yi magana goma a wuni to ranar ya yi surutu. Muna da lambu a wani kwari wajen Gidigir, a cikinsa akwai wani babban dabino da kakan maƙwabcinmu Ari ya dasa a ƙasarmu. Zamanin iyaye raba ƴaƴan ake yi ba wanda ya ji. Da iyaye suka kau, Ari ya ce itace na wanda ya dasa ne, Ya Bukar ya ce na mai ƙasa ne. Dattawa sun zauna a kai, kowa ya tashi da nasa a ciki.

Bana da dabino ya nuna, wata hantsi ina can saman itacen ina sara, Ya Bukar na ƙasa yana tarawa, bindigar toka ta Baba na jingine kusa da shi, wadda muke korar tsuntsaye da ƙararta. Sai ga Ari da adda. Ya ce, "Bukar, ce wa ƙanenka ya sauko." Ya Bukar ya ce, "Ari, koma gida, rabonka zai iske ka." Ban ankara ba sai na ga adda ta sauka a dantsen yayana, jini ya wanke masa riga. Ya ja baya, ya faɗi a kan kwando, hannunsa ya kai ga bindiga. Ari ya sake ɗaga adda da hannu biyu. Na ji ƙara. Wallahi abin da idona ya gani ke nan, kuma ba kowa a kwarin sai mu uku.

Ya Bukar da ƙafarsa ya kai kansa wurin jandarma, ya miƙa bindiga. Ari kuwa aka wuce da shi asibiti Damagaram. Bayan kwanaki labari ya zo wai ya farfaɗo, har yana shan kunu, manya na cewa za a yi sulhu a sako yayana. Ranar na fita fada, majalisarmu ta samari inda muke shan shayi, bayan la'asar. Abokaina kowa na kallona kamar maraya, mai shayi ya miƙo mini kofin farko ba tare da na yi faɗa a kai ba. Ni kuwa ba abin da na tsana kamar a tausaya mini. Wani ya ce, "Rediyo, yau ba labarai?" Sai Shaiɗan ya buɗe mini baki. Na ce ai mako guda Ya Bukar ya yi yana shafa wa bindigar nan mai yana mata kirari, yana cewa bana babban zomo zai kama. Na ce da Ari ya ga bakin bindiga sai ya yar da adda ya zura a guje, wandonsa na saɓulewa, Ya Bukar na biye yana cewa tsaya ka karɓi rabonka. Har tashi na yi na kwaikwayi gudun. Suka yi ta birgima a tabarma. Me ya kai ni? Wane irin mutum ne ke mayar da jinin ɗan'uwansa abin dariya? Ban ma lura ba ƙanen matar Ari na zaune a bayan mai shayi, shi kaɗai bai yi dariya ba.

Jibin ranar Ari ya rasu. Ya bar mata da ƴaƴa ƙanana, babbarsu ni nake goya ta a keke in mun haɗu a hanyar kwari. Ƙanen matar tasa ya kai maganata gaban jandarma, aka kira ƴan fadarmu ɗaya bayan ɗaya, suka ce e, haka Rediyo ya faɗa. Ba su yi mini ƙarya ba, ni na yi.

Kawu ya samo mana avoka, wato lauya, a Damagaram. Da muka je ofishinsa ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, sannan ya ce, "Kai ne gidan rediyon?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Saurara, yaro. Doka ta san kare kai. Wanda aka sara, aka ɗaga za a ƙara, in ya kare ransa ba a ɗaukarsa kamar mai kisan kai. Ciwon dantsen yayanka na wajenmu. Amma labarinka ya ce ya shirya tun mako guda, ya kuma bi mutum yana gudu. Wannan sunansa kisa da niyya." Na ce, "Metir, wallahi wasa nake." Ya ce, "Juji mai shari'a ba ya zaman fada, bai san wasanka ba."

Dabararsa ita ce ya kawo shaidu, har da Mushe mai moto, su tabbatar wa kotu cewa ni maƙaryaci ne tun ina yaro, don maganar fada ta faɗi. Na ce to in ta faɗi, gaskiyar da na gani daga saman dabino fa? Ya ce, "Ita ma za ta yi rauni, amma gara rauni da mutuwa. Ka faɗi sara, ka faɗi ɗaga adda, ka yi shiru. Abin da ba a tambaye ka ba kada ka taɓo."

To ga abin da ke hana ni cin abinci, wanda ban gaya wa Metir ba, ban gaya wa Inna ba. Kullum toka kawai, wato albarushi, muke ɗura wa bindigar nan, ƙara ce buƙata. Amma da safen ranar, kafin mu ɗaura wa jaki kaya, na ga Ya Bukar yana zuba mata ƙwayoyin ƙarfe. Muka haɗa ido, ya ci gaba da zubawa, ni kuwa ban tambaya ba. Tsoron Ari ne ya sa shi, don ya ji ana cewa yana wasa adda? Ko wani abu ne daban a zuciyarsa? Ban sani ba. Kuma Metir da kansa ya ce dole juji ya tambayi yadda bindigar korar tsuntsu ta kashe mutum.

Na je ganin Ya Bukar gidan kaso ran Juma'a tare da Inna. Ya rame, dantsen ya warke a karkace. Na fashe da kuka na ce, "Ya Bukar, ka yafe mini." Ya ce, "Share hancinka, Auta, mutane na kallo. An ba jakin ruwa kuwa?" Da lokaci ya ƙare ya riƙe yatsuna ya ce, "In an tambaye ka, kada ka ƙara, kada ka rage." Inna kuwa a hanya cewa ta yi, "Bakinka ya sa shi ciki, bakinka zai fito mini da shi. Ban damu da me za ka ce ba."

In na faɗi maganar ƙarfen, ina tsoron na ɗaure yayana da hannuna karo na biyu. In na ɓoye, na rantse a kan ƙarya, kuma ƴaƴan Ari suna da hakkin sanin yadda ubansu ya tafi. Ari bai gudu ba, ba wanda ya bi shi. Ya faɗi a gindin dabinon ya ce a ba shi ruwa, Ya Bukar ya kwance rawaninsa ya ɗaure masa ciki da hannu ɗaya, muka ɗora shi a amalanke, Ya Bukar na kiran sunansa har bakin hanya. Juji ya kira ni mako mai zuwa. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?